Maiɗakina ta kamu da ciwon zuciya bayan haihuwa: ƙwaya kaɗai za ta isa, ko sai an yi aiki?

Baban_Ikram:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, don kaina ya kulle. Maiɗakina ta haihu wata 2 da suka wuce, haihuwa ta huɗu, kuma lafiya ƙalau ta sauka. Ba a yi arba'in ba ƙafafunta suka kumbura, muka ɗauka kumburin jego ne. Daga baya ta fara haki, ko tsakar gida ta share sai ta nemi wuri ta zauna. Da dare ba ta iya kwanciya a miƙe, sai na jera mata matashi 3, wani daren ma a zaune take kwana, ga tari. Na kai ta asibiti aka yi hoton zuciya, likita ya ce zuciyar ta buɗe ta yi rauni, ƙarfin bugunta kashi 28 ne. Kwananmu 6 a gado, aka sallame mu da ƙwayoyi kala 4: Lasix, Aldactone, enalafiril da kabedilol.

Yanzu an raba mini hankali biyu. Yayana ya ce ƙwaya ba ta gyara zuciya, in sayar da filina a fita da ita Indiya ko Masar a yi mata aiki, ko a saka mata batir. Surukata kuma ta ce duk wannan rashin cika wankan jego ne, a mayar mata da 'yarta gida ta ɗora daga inda aka tsaya, da kunun kanwa da komai. Ni filin ba ya gabana, lafiyarta nake so. Wanda ya san abin nan don Allah ya faɗa mini gaskiya.

Uwar_Tagwaye:
Wa'alaikumussalam. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Malam, kada ka yi gaggawar taɓa filin nan. Ni da nake rubuta maka na yi irin wannan ciwon bayan haihuwar tagwayena. Nawa kashi 30 aka ce. Takalmina ma ba ya shiga, in ka danna ƙaurina da yatsa sai ramin ya tsaya kamar an danna tuwo. Ba a yanka ni ba, ba a saka mini komai ba. Ƙwayar nan dai, safe da yamma, da zuwa asibiti duk ranar da aka rubuta a kati. Bayan wata 8 aka sake hoto aka ce ya kai 52. Tagwayen yanzu suna aji 2 a firamare, ni ke kai su makaranta da ƙafata.

MaiShago_Kwari:
Ni dai ina bayan yayanka. Mahaifinmu ya yi fama da jiri da faɗuwa kusan shekara, ana ta ba shi magani babu sauƙi. Da aka saka masa batir a ƙirji, wallahi cikin sati ya koma zuwa masallaci da kansa. In akwai hali a yi abin da zai kawo ƙarshen matsalar kawai, ba a yi ta haɗiyar ƙwaya ba ranar gamawa.

Likita_Tudunwada:
Baban_Ikram, Allah ya ƙara sauƙi. Ban ga maiɗakinka ba, don haka maganar likitan da ya duba ta ita ce gaba da tawa. Amma bari in warware abin da ake cakuɗawa a nan.

Da farko kashi 28 ɗin nan. Mutane da yawa in sun ji sai su ɗauka saura kashi 28 na rayuwa ya rage wa mutum. Ba haka ba ne. Awo ne na yawan jinin da babban ɗakin zuciya na hagu yake turawa waje a kowane bugu. Mai lafiya ma ba ya tura duka, nasa tsakanin 50 da 70 yake. To 28 rauni ne sosai, amma lamba ce da take iya hawa.

Ciwon zuciya ba iri ɗaya ba ne, shi ya sa maganinsa ba ɗaya ba ne. Akwai wanda bawul ɗin zuciyarsa, wato ƙofar da ke hana jini komawa baya, ne ya lalace, ya tsuke ko yana yoyo. Shi ne ake buɗe ƙirji a gyara ko a canza. Akwai wanda jijiyar da ke ciyar da zuciyar ce ta toshe, shi ake zura wa siririn bututu a buɗe ta a bar ɗan ƙarfe a ciki, ko a yi mata ratse da wata jijiyar. Akwai wanda wayar wutar zuciyarsa ce ta samu matsala, bugun ya yi ƙasa ƙwarai, shi ne mai batir, kuma daga bayanin MaiShago_Kwari ina kyautata zaton na mahaifinsu ke nan. Na maiɗakinka kuwa naman zuciyar ne kansa ya saki. Babu wurin da wuƙa za ta yanka ta ɗinke. Ko ka sauka a Indiya gobe, irin waɗannan ƙwayoyin za su ɗora ta a kai su ce a jira.

Kuma kowace da aikinta. Lasix tana fitar da ruwan da ya taru ta fitsari, ita ce take sa a ji sauƙi nan da nan. Sauran ukun kuwa ba a jin aikinsu a jiki da wuri, amma su ne suke rage wa zuciya kaya har ta samu ta murmure, kuma su aka tabbatar suna rage mutuwa. Aldactone kaɗai, a wani babban gwaji da aka fitar a 1999, ta rage mace-macen masu raunin zuciya mai tsanani da kashi 30 cikin 100. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya riƙe Lasix don ita yake ganin amfaninta, ya watsar da sauran.

Hajiya_Zariya:
Ni fa ban yarda a ɗora wa wankan jego laifi ba. Haihuwata 9, kowace sai da na yi wanka da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya safe da yamma har arba'in, na sha kunun kanwa, na ci ƙauri, na kwanta a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Ga ni nan da jikoki. 'Yan matan yanzu ne ba sa son wahala. Surukarka ba ta nufin 'yarta da sharri, ɗana.

Nas_Rabi:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, ba wanda ya ce uwa za ta nufi 'yarta da sharri. Amma a garinku ma aka fara rubuta wannan magana. Likitocin asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, tun a shekarun 1970 suka lura mata masu jego suna cika gadaje da kumburi da haki, har aka ƙiyasta kusan mace 1 cikin kowace haihuwa 100, suka danganta abin da kanwa da zafin wanka da gadon wuta. Don adalci kuma, binciken da aka yi daga baya ƙarƙashin Farfesa Kamilu Karaye na asibitin Malam Aminu Kano bai nuna cewa al'adar ce tushen ciwon ba. An fi ganin sa ga matan da ba su da ƙiba, marasa hali, da waɗanda jininsu ya hau lokacin goyon ciki.

To amma wannan maganar mai lafiya ce. Wadda zuciyarta ta riga ta gaza, ba ta kanwa kamar ana ɗura ruwa ne a randar da ake kwashewa. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki. A ɗakinmu na sha karɓar matar da muka sallama ƙafa ta saɓe, bayan sati 2 a dawo da ita ciki kamar na wata 7, in ka tambaya a ce ai gida ta je aka ci gaba da kunu.

Dan_Maradi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Nan wajenmu ma cutar akwai ta da yawa. Ƙanwata ta yi ta, lokotoro ya rubuta mata ordinans, wato takardar magani, kowane wata sai mun kashe jikkuna a farmasi, amma alhamdu lillahi ta tashi. Abin da na ji, tun 1992 an yi bincike a Yamai aka ga matan da ke da cutar suna da ƙarancin wani sinadari a jini, siliniyam. Shin gaskiya ne in an sha shi ana warkewa?

Likita_Tudunwada:
Dan_Maradi, binciken Yamai gaskiya ne, kuma a Kano ma an samu irin wannan ƙarancin, har an gwada ba wasu mata sinadarin aka ga alamunsu sun ragu. Amma ƙari ne a kan magani, ba madadinsa ba, kuma yawansa guba ne. Kada wani ya karanta nan ya wuce kemis. A tambayi likitan zuciyar da ke duba ta.

Gunners_Fagge:
Masu tsoron aikin zuciya ku tuna da Kanu Nwankwo. Bayan ya ciyo mana zinare a gasar Olympics ta Atlanta a 1996, Inter Milan suka gano bawul ɗin zuciyarsa na da matsala, aka yi masa aiki a Amurka. Ya dawo ya buga ƙwallo, ya zo Arsenal a 1999, a shekarar ya zura wa Chelsea 3 shi kaɗai. Har gidauniya ya kafa ta taimakon yara masu ciwon zuciya. Aiki ba mutuwa ba ne.

Injiniya_Sule:
Gunners_Fagge, gaskiyarka, amma ka lura na Kanu bawul ne, daidai da rabe-raben da Likita ya yi a sama. Ni ma bawul ne nawa, kuma ina so MaiShago_Kwari ya ji wannan, tunda ya ce aiki shi ne ƙarshen haɗiyar ƙwaya.

Ina yaro na sha ciwon maƙogwaro da ciwon gaɓoɓi, ana ba ni jiƙo ana cewa sanyi ne. Ashe ƙwayar cutar maƙogwaron ce ta ja jikina ya cinye bawul. Ina da shekara 31 aka canza mini shi da na ƙarfe. Yanzu shekara 9 ke nan. In dare ya yi tsit ina jin sa, ƙyas ƙyas ƙyas, kamar agogon hannu a ƙarƙashin matashi. Farkon dawowata ƙaramar 'yata takan ɗora kunnenta a ƙirjina ta ce Baba ya haɗiye agogo.

Amma tun daga ranar nake shan wafarin, mai tsinka jini, kuma zan sha shi har ƙarshen raina. In ya yi kaɗan jini ya daskare a kan ƙarfen, shanyewar ɓarin jiki ke nan. In ya yi yawa, ko asuwaki na yi sai dasashi ya yi ta jini. Kusan duk wata sai na je awon jini. Zogale da alayyahu ma ba na cin su yau da yawa gobe babu, don suna taɓa aikin maganin, sai dai in riƙe ma'auni ɗaya. Na gode wa Allah da aikin, ba don shi ba da wani zancen ake. Sai dai ban rabu da asibiti ba.

Iyaye, yaro in yana yawan ciwon maƙogwaro da zazzaɓi a kai shi a duba. Fenisilin mai arha ce da ta tare mini duk wannan.

Bint_Kassala:
Gaisuwa daga Hausawan Sudan. Irin ciwon Injiniya shi ne ya fi yawa a asibitin Salam da ke Khartum, wanda ƙungiyar Emergency ta ƙasar Italiya ta buɗe a 2007. Kyauta suke aikin zuciya, kuma daga ƙasashen Afirka da dama ake kawo marasa lafiya. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya sa zuwa can ya zama abu mai wuya ƙwarai. Ku sa mu a addu'a.

Malamin_Tarihi:
Allah ya kawo muku zaman lafiya. Ƙarin bayani ga masu ganin sai an ƙetare teku: an yi aikin buɗe zuciya na farko a Najeriya tun 1974, a asibitin koyarwa na Inugu, tare da Farfesa Magdi Yakub ɗan Masar. Dashen zuciya na farko a duniya ma a nahiyar nan aka yi shi, Kiristiyan Banad a birnin Kef na Afirka ta Kudu, ranar 3 ga Disamba 1967. Wanda aka dasa wa ya rayu kwana 18. Ba ƙwaƙwalwa muka rasa ba, kayan aiki da wutar lantarki da kuɗi ne ba sa ɗorewa.

MaiShago_Kwari:
To na ji. Na tambayi ƙanena, ya ce bugun Baba 34 ne a minti lokacin da aka kai shi, shi ya sa aka saka batirin. Ashe ba iri ɗaya ba ne. Amma Likita, ai na ji ana saka wa masu raunin zuciya ma wata na'ura. Ko ita ma ƙarya ce?

Likita_Tudunwada:
Ba ƙarya ba ce. Akwai wadda ake sakawa a ƙarƙashin fata ta yi gadi, in bugun zuciya ya rikice irin wanda ke kashewa nan take sai ta fizge shi da wuta ya dawo daidai. Akwai kuma mai sa ɓangarorin zuciya su riƙa matsawa tare in sun saɓa. Amma ƙa'ida ita ce ba a zancensu sai mutum ya yi aƙalla wata 3 yana shan cikakken magani, aka sake hoto aka ga har yanzu 35 ne ko ƙasa. Ga mai jego ma an fi son a ƙara jira, don da yawansu zuciyar tana farfaɗowa cikin wata 6 zuwa shekara. Ba zan ɓoye ba, wasu ba ta dawowa, wasu kuma muna rasa su duk da magani. Ciwo ne mai kisa in aka yi wasa da shi.

Akwai sababbin magunguna masu ƙarfi, irin su Entresto da Forxiga, sai dai suna da tsada, kuma ba a ba mai shayarwa. Enalafiril kuwa tana cikin waɗanda ake ba mai goyo, ina jin shi ya sa aka zaɓa mata ita. Baban_Ikram, in kuɗin fili za a kashe, gara a ajiye shi don magani kada ya yanke ko na kwana ɗaya, da awon ƙoda da na gishirin jini, don Aldactone da enalafiril suna iya tara potasiyam, ɗaya daga cikin gishirin jini.

Abu_Maryam:
Na daɗe ina karantawa ban yi niyyar magana ba. Matata ta rasu da wannan ciwon shekara 3 da suka wuce.

Ta sha magani wata 5, ta warware, har tana daka. Sai muka ce ai an warke. Ni da bakina na ce a huta da sayen ƙwaya, lokacin kasuwa ta yi mini nauyi. Ba mu koma an sake hoto ba. Tana ciwon baya, wani mai kemis a unguwarmu ya riƙa ba ta diklofenak, daga baya likita ya gaya mini wannan maganin yana riƙe ruwa yana wahalar da ƙoda ga mai ciwon zuciya. Kafin shekara ta zagayo ta samu ciki. An gaya mana a asibiti kada ta yi ciki sai an duba, mun ji, amma ba mu ɗauki mataki ba, kunya ta hana ni komawa in yi tambaya. A wata na 7 numfashi ya gagara. Na ɗauke ta a a-daidaita-sahu da asuba tana jingine a kafaɗata, tana cewa in buɗe mata labule iska ba ta isar ta. Kwana 2 ta yi. Ba ita ba abin cikin.

Na san kwana ne ya ƙare. Amma sakacina ina ganin sa kullum. Baban_Ikram, ranar da ta ce maka ta warke, ranar za ka ƙara riƙe maganin.

Uwar_Tagwaye:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ya raya abin da ta bari.

Gunners_Fagge:
Allah ya gafarta mata. Jikina ya yi sanyi wallahi.

Nas_Rabi:
Allah ya ba ka haƙuri Abu_Maryam, kuma ya saka maka da wannan magana, don za ta ceci wata. An taɓa gwadawa a Ingila, aka janye magani a hankali daga mutanen da zuciyarsu ta riga ta murmure, cikin wata 6 kusan 4 cikin 10 ciwon ya dawo musu. Shi ya sa likita ne kaɗai zai ce a rage. Zancen ciki kuma ba a wasa da shi: in zuciyar ba ta koma daidai ba, sabon ciki na iya tafiya da rai, kuma enalafiril da Aldactone ba a shan su da juna biyu. A je tare a zaɓi hanyar tazara, ko ashanar hannu ko robar mahaifa.

Almajirin_Malam:
Ni wannan maganar tazarar ce ban gamsu da ita ba. Haihuwa ta Allah ce.

Uwar_Tagwaye:
Ta Allah ce, Malam, ran uwar ma amanar Allah ne. Mijina sai da ya je ya tambayi limamin unguwarmu kafin mu yi, ya ce in likita amintacce ya tabbatar akwai haɗari ga rai, babu laifi a jinkirta. Ka tambayi naka malamin ka ji.

Hajiya_Zariya:
Labarin yaron nan Abu_Maryam ya taɓa ni. Ni har yanzu ina nan a kan cewa wanka bai kashe kowa a gidanmu ba. Amma in likita ya ce ban da kanwa, to a bar kanwa. Ɗana Baban_Ikram, kada ka yi musu da surukarka, ba tarbiyya ba ce, kuma ba za ka ci riba ba. Ka ɗauke ta ku je asibitin tare ranar ganin likita, ta ji da kunnenta. Ko ka samu wata dattijuwa da take jin nauyinta ta yi mata magana. A dama mata kunun gyaɗa ko na tsamiya, a sirka ruwan wankan, kowa ya samu nasa.

Nas_Rabi:
Hajiya ta kawo hanya. In ƙara da na gida: ka sayi sikeli, ta riƙa hawa kowace safiya bayan ta yi fitsari kafin ta karya, ka rubuta a littafi. In ta ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3, ruwa ne ke taruwa, kada a jira ranar kati. Gishiri a rage sosai, kuma a tuna dunƙulen miya yawancinsa gishiri ne, mutane sai su cire gishiri su jefa dunƙule 4. A ƙara daddawa da citta da tafarnuwa da albasa, miyar za ta ciwu. Yajin jego ma a duba, yawanci da gishiri da dunƙule ake daka shi. In ta fara busasshen tari da ba ya tsayawa, wataƙila enalafiril ce, a gaya wa likita ya canza, kada a daina da kai.

Dan_Kumasi:
Tambaya daga zongo: mai irin wannan ciwon zai iya azumi? Mahaifiyata na shan Lasix, hawan jini ne ya ja mata nata, kuma ba ta yarda ta sha azumi ko ɗaya.

Likita_Tudunwada:
Dan_Kumasi, hawan jini shi ne kan gaba wajen jawo raunin zuciya a ƙasashenmu, don haka irin Mama suna da yawa. Wanda ciwonsa ya lafa, wasu suna iya yi in an gyara musu lokutan magani tun kafin watan ya kama. Wanda aka sallama kwanan nan, ko yake haki yana zaune, ko ƙodarsa ta taɓu, ba na ba shi shawarar yi. Ku je da ita tun cikin Sha'aban. Maiɗakin Baban_Ikram dai a halin yanzu ba ta cikin masu yi.

Baban_Ikram:
Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Abu_Maryam, na karanta wa maiɗakina saƙonka, mun yi kuka tare, muna yi wa marigayiya addu'a.

Jiya muka koma asibiti, na bi shawarar Hajiya na tafi da surukata. Likitan ya danna ƙafar 'yarta a gabanta ya nuna mata ramin, ya yi mata bayanin kanwa da Hausa. Ba ta ce komai ba a can, amma da muka dawo na ji tana ce wa ƙanwar matata a dama na gyaɗa. Wankan dai ta ce ba za a fasa ba, an daidaita a kan ruwa mai ɗumi. An ƙara mata kabedilol kaɗan, an ce a sake hoto bayan wata 3. Na sayi sikelin, yau kilo 54. Daren jiya da matashi 2 ta kwana.

Yayana har yanzu bai sauko ba, ya ce in hoton bai canza ba shi da kansa zai nemo mai sayen filin. Na ce masa mu kai lokacin.

Injiniya_Sule:
Allah ya sa a ga canji. Ka riƙa ɗaukar hoton kowace takardar awo a wayarka, ni tawa ta farko ruwan sama ya cinye ta a aljihu.

MaiShago_Kwari:
In an yi hoton ka dawo nan ka faɗa mana nawa ya kai. Ni dai a bar filin a ajiye kada a yi gini a kai tukuna.